Filin Tambaya da Amsa: Ƙaura da Aikin Taswira Daga Wata Ma'ajiya Zuwa Wata

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin watan nan yawancinsu daga malaman gona, ma'aikatan lafiya da ma'aikatan filaye na ƙananan hukumomin Kano da Jigawa suke, kuma kukansu kusan ɗaya ne: aikin taswirar da yake lafiya lau a kwamfuta guda yakan watse da zarar an ɗauke shi zuwa filash, ko wata kwamfutar, ko ma'ajiyar intanet. Mafi yawansu da QGIS suke aiki, manhajar nan ta kyauta ta aikin taswira da Gary Sherman ya fara rubutawa a shekarar 2002, saboda haka a kanta amsoshin za su fi karkata. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin gona ne, ina aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankinmu. Tun bara muke zana iyakokin gonakin 'yan ƙungiya da magudanan ruwa a kwamfutar ofis. Da aka saya mana sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, sai na kwafe fayil ɗin aikin a filash na kai mata, amma ina buɗewa sai wata taga ta fito tana cewa ba a samu shimfiɗun ba, wato sassan taswirar da ake ɗora wa juna, kamar na gonaki da na magudanai. Sunayensu suna nan a gefe, kowanne da alamar gargaɗi, amma fuskar taswirar fari fat. Shin aikin ya tafi ke nan? Daga malamin gona, Auyo, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Muddin ba a goge tsohuwar kwamfutar ba, aikinku yana nan daram, ko kadada guda ba ta salwanta ba. Abin da ka ɗauka a filash fayil ɗin aiki ne kawai, wato wanda sunansa ya ƙare da .qgz ko .qgs, shi kuwa ba ya ɗauke da gonaki ko magudanai a cikinsa. Kamar littafin mai kula da sito yake: an rubuta a ciki cewa buhu kaza yana ɗaki kaza, a layi kaza, amma ko ƙwayar shinkafa babu a tsakanin shafukansa. Abin da ke cikin fayil ɗin aiki shi ne jerin shimfiɗu, launin da aka ba kowace, girman rubutu, tsarin takardar da za a buga, sai kuma adireshin inda ainihin bayanan kowace shimfiɗa suke kwance. Shi ya sa za ka ga nauyinsa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai kai megabait guda ba, alhali bayanan da yake nunawa suna iya kai gigabait masu yawa.

Adireshin nan iri biyu ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Akwai cikakken adireshi, wanda yake farawa tun daga harafin faifan, misali C, ya bi ta foldar mai kwamfutar da sunansa, har ya sauka a kan fayil ɗin. Irin wannan ba ya jure ƙaura ko kaɗan, domin sunan mai sabuwar kwamfutar daban ne, kuma Windows ba ta yi wa kowane filash alkawarin harafi ba: wanda ya fito a matsayin E a ofis zai iya zama F a gida idan akwai wani abu a maƙale. Akwai kuma adireshin kusa, wanda ake lissafawa daga inda fayil ɗin aikin yake zaune, kamar ./bayanai/gonaki.gpkg, ma'ana a shiga foldar bayanai da ke nan gefena a ɗauko gonaki. Wannan shi ne QGIS take amfani da shi tun asali, kuma ana tabbatar da shi a menu na Project, ƙarƙashin Properties, a shafin General, inda ake so a ga an zaɓi Relative. Sai dai zaɓin ba laya ba ne. Idan gonakin suna kan fuskar kwamfuta, magudanan suna foldar abubuwan da aka sauke daga intanet, hoton tauraron ɗan Adam kuma yana wani faifan daban, to babu adireshin da zai bi ka zuwa sabuwar kwamfuta, kuma duk fayil ɗin da ke wani harafin faifai dole cikakken adireshinsa za a rubuta ko da an zaɓi na kusa.

Saboda haka ka koma tsohuwar kwamfutar ka buɗe aikin a can. Ka ɗora kibiyar maus a kan sunan kowace shimfiɗa ba tare da ka danna ba, za ka ga adireshinta ya bayyana, kuma ina kyautata zaton za ka yi mamakin yadda suke warwatse. Ka buɗe sabuwar folda guda, ka sa mata gajeren suna, a cikinta ka yi ƙananan foldoji na bayanai, na hotuna da na taswirorin da aka gama. Ka kwafo bayanan kowace shimfiɗa zuwa ciki, ka ajiye fayil ɗin aikin a bakin babbar foldar, sannan ka danna kowace shimfiɗa da maɓallin dama ka canza mata tushe zuwa sabon kwafin. Yin haka ba ya taɓa launi ko rubutun da kuka ɓata lokaci kuna tsarawa. Bayan ka ajiye aikin ka rufe QGIS gaba ɗaya, sai ka ɗauki babbar foldar dungurungum. Kwafa za ka yi, ba yankewa ba, domin a inda wuta kan ɗauke ba sallama, wanda ya yanke folda yana iya tashi da rabi a nan, rabi a can.

Akwai tarko biyu da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Na farko shi ne buɗe aikin a sake ajiye shi kai tsaye a kan filash, a zaton bayanan za su biyo shi. Ba za su biyo ba: manhajar za ta gyara adireshin ne kawai don ya ci gaba da nuna tsohon wurin. Na biyu shi ne gwada kwafin a kwamfutar da aka kwafo shi daga ciki. Zai buɗe sumul, mutum ya saki jiki, alhali daga tsofaffin fayilolin yake karantowa. Gwajin gaskiya a wata kwamfutar ake yin sa, ko kuma a canza wa tsohuwar foldar suna na ɗan lokaci a ga ko kwafin zai tsaya da ƙafarsa.

Game da tagar da ta fito maka, tana ba da damar a nuna mata sabon wurin kowane fayil, ko a bar ta ta laluba da kanta, ko a bar shimfiɗun yadda suke, ko a cire su. Kada ka cire su ka ajiye aikin, domin da su launukansu da tsarinsu za su tafi. Idan har hakan ta riga ta faru, ka duba gefen fayil ɗin aikin, akwai wani mai irin sunansa da alamar ~ a ƙarshe, wanda shi ne ajiyar da ta gabata. A cire alamar, sai ya buɗe. Ka kuma lura da shimfiɗun wucin gadi, waɗanda manhajar kan samar yayin lissafi: ba su da fayil a ko'ina, rufe aikin ke nan sun ɓace, sai an mai da su na dindindin tukuna. Tambarin ƙungiya da ke kan takardar bugawa shi ma hoto ne mai adireshi, a sa shi cikin foldar. Shimfiɗar bango irin ta OpenStreetMap kuwa daga intanet take zuwa, saboda haka rashinta a ƙauyen da babu sabis ba laifin ƙaura ba ne.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Abokin aikina ya turo mini taswirar ƙauyuka da rugagen da muke bi lokacin rigakafi ta WhatsApp, fayil guda mai .shp a ƙarshe, ya ƙi buɗewa. Da ya sake turowa da sauran fayilolin sai ya buɗe, amma sunayen garuruwa masu ƙ, ɗ da ɓ duk sun rikiɗe. Mene ne magani? Daga ma'aikaciyar lafiya, Kafin Hausa, Jihar Jigawa.

AMSA: Malama, barka kadai. Shapefile, tsarin da kamfanin Esri ya fito da shi a farkon shekarun 1990, sunansa na fayil guda ne amma a gaskiya tarin fayiloli ne masu suna ɗaya. Mai .shp shi ke riƙe da siffofin, mai .shx jagoransu ne, mai .dbf kuma shi ne teburin da sunayen ƙauyuka da yawan gidaje suke ciki. Waɗannan ukun wajibi ne. Mai .prj yana faɗin tsarin awon da aka yi aikin da shi, mai .cpg kuma yana faɗin tsarin haruffan da aka rubuta teburin. Duk wanda zai tura Shapefile ya dunƙule su duka cikin zif guda, kuma QGIS tana iya karanta su daga cikin zif ɗin, ko da yake sai an warware shi kafin a yi gyara. Haka nan wanda zai canza suna ya canza wa dukkansu, ba ɗaya ba.

Rikiɗewar haruffa tana da fuska biyu, kuma ya kamata ki duba wacce ce taki. Idan kin ga Haɗejia ta koma HaÉ—ejia, wato baƙin haruffa biyu sun maye gurbin ɗ, to albishirinki, bayanan lafiyarsu ƙalau: an rubuta su da tsarin UTF-8, wanda yake ba kowane harafi mai lanƙwasa gurbi biyu, sai manhajar ta karanta su da tsohon tsarin Windows na yammacin Turai saboda mai .cpg bai zo ba. Ki shiga bayanan shimfiɗar, a shafin tushe, ki zaɓi UTF-8, nan take sunayen za su miƙe. Idan kuwa alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafin, kuma canza tsarin bai gyara ta ba, to tun wurin ajiyewa aka yi asarar, domin tsohon tsarin ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kwata-kwata. Sai abokin aikinki ya sake fitar da fayil ɗin daga tushe, ya zaɓi UTF-8. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin lafiya, domin idan za a haɗa taswira da teburin da aka cika a waya ta hanyar sunan ƙauye, harafi guda da ya saɓa ya isa ya sa ƙauyen ya faɗi daga lissafi ba tare da kowa ya ankara ba. A jikin sunayen fayiloli da foldoji kuwa, ni ina ba da shawarar a haƙura da haruffa masu lanƙwasa da tazara, a bar su ga cikin teburi, domin har yanzu akwai ƙananan manhajoji da ke tuntuɓe a kansu.

A ra'ayina ma lokaci ya yi da ofisoshinmu za su daina musayar Shapefile sai inda wata hukuma ta nace. Sunan ginshiƙin teburinsa ba ya wuce haruffa 10, shi ya sa dogayen sunaye ke dawowa a gutsure, kuma kowane ɓangarensa yana da iyakar gigabait 2. GeoPackage, wanda ƙungiyar OGC mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira ta amince da shi a 2014, fayil guda ne tak mai .gpkg, yana ɗaukar shimfiɗu da yawa tare da launukansu, kuma da UTF-8 yake rubutu tun asali. A akwatin kayan aikin QGIS akwai wanda ke tattara shimfiɗun ɗigo, layi da fili zuwa GeoPackage guda. Ki dai tuna cewa bayan an tattara, aikin yana nan yana kallon tsofaffin fayilolin har sai an canza wa kowace shimfiɗa tushe.

TAMBAYA: Yallaɓai, mun ɗauki hoton filayen noman rani da jirgi maras matuƙi, aka haɗa shi ya zama fayil guda mai gigabait 6. Filash ɗina gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi masa girma. Ko filash ɗin jabu ne? Daga ɗalibi, Kura, Jihar Kano.

AMSA: Ɗana, ba lallai ne jabu ba ne. Ƙananan filash da katunan memori yawanci da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan sararin da ya rage. Ka sake tsara filash ɗin zuwa exFAT, wanda Windows da kwamfutocin Apple duka suna karantawa suna rubutawa, amma ka sani sake tsarawa yana share duk abin da ke ciki. Kana kuma iya sake fitar da hoton a matse da tsarin DEFLATE ko LZW, waɗanda ke rage nauyi ba tare da taɓa ingancin hoton ba. Idan za ka kwafa, ka haɗa da ƙananan fayilolin da ke gefensa masu irin sunansa: mai .tfw yana riƙe da matsayin hoton a doron ƙasa, mai .ovr shi ke sa ya buɗe da sauri, sai mai .aux.xml. Idan ka ga mai .vrt, to jerin adireshi ne kawai na wasu hotunan, ba ya tafiya shi kaɗai.

Zargin jabu kuwa yana da tushe, domin akwai filash a kasuwa da ke nuna girman da ba su da shi. Alamarsu ita ce suna karɓar komai ba musu, sai an zo buɗewa a tarar fayilolin sun lalace. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika filash ta sake karantawa don ta gano gaskiyar girmansa, kuma ya kamata a yi wannan gwajin kafin a damƙa masa aikin kaka guda.

TAMBAYA: Malam, mu uku ne muke tattara bayanan rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa na mazaɓunmu, da masu aiki da waɗanda suka lalace. Mun sa foldar aikin a Google Drive don kowa ya riƙa gyarawa daga inda yake, muna kuma ɗaukar hotuna da QField, manhajar da ke buɗe aikin QGIS a waya. Yanzu fayil ɗin bayanan ya zama kwafi biyu masu saɓani, gyaran da na yi ranar kasuwa ya ɓace, hotuna kuma ba sa buɗewa a kwamfuta. Ina muka kuskure? Daga jami'in ruwa, Sule Tankarkar, Jihar Jigawa.

AMSA: Malam, kun ɗora wa ma'ajiyar aikin da ba nata ba. Google Drive, OneDrive da Dropbox fayil sukutum suke gani. Ba su san cewa a cikin GeoPackage ɗinku akwai layin rijiyar da kai ka gyara da wani layin da abokinka ya gyara ba. Idan mutum biyu suka taɓa fayil guda kafin kowa ya sami sabis, ko dai na ƙarshe ya danne na farko, ko ma'ajiyar ta ajiye biyun ta bar ku da rarrabewa. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kwamfuta kan yi kwanaki ba ta aika gyaranta ba, don haka matsalar ta fi tsanani a wurinku fiye da a birni.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. GeoPackage a kan tsarin ajiye bayanai na SQLite aka gina shi, kuma yayin da ake gyara shi za ka ga wasu fayiloli biyu sun ɓullo a gefensa, ɗaya ya ƙare da -wal, ɗaya da -shm. Sabon gyaran da ka yi yana iya kasancewa a cikin na farkon, bai riga ya shiga babban fayil ba sai an rufe manhajar. Wanda ya kwafi mai .gpkg shi kaɗai a wannan hali, ko ma'ajiyar da ta aika shi sama tana tsaka da aiki, tsohon zance aka ɗauka. Kada a goge waɗannan biyun da hannu. A rufe QGIS, a ga sun ɓace da kansu, sannan a kwafa. Idan wuta ce ta ɗauke ta bar su, a sake buɗe aikin a rufe shi yadda ya kamata.

Kafin komai, ka duba tarihin fayil ɗin a Google Drive, domin tana riƙe tsofaffin kwafi na wani ɗan lokaci, mai yiwuwa gyaranka na ranar kasuwa yana ciki. Daga nan ku zaɓi ɗaya daga hanya biyu. Mai sauƙin ita ce mutum guda ya riƙe uwar bayanan a faifan kwamfutarsa, sauran su riƙa kawo masa nasu fayilolin yana haɗawa, ma'ajiyar intanet kuma ta zama wurin ajiye dunƙulallen zif mai kwanan wata a jikin sunansa. Ɗaya hanyar ita ce amfani da abin da aka gina don aikin taron dangi, kamar QFieldCloud ko Mergin Maps, waɗanda ke bin gyara layi-layi suna haɗawa idan an sami sabis. PostGIS, wato rumbun bayanan taswira da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, ya fi su ƙarfi, amma yana buƙatar babbar kwamfuta (server) mai wuta da mai kula da ita dare da rana, kuma ban ga dalilin da mutum uku za su ɗauko wannan nauyin ba.

Hotunan kuwa ba a cikin teburin suke ba. Abin da ke teburin adireshi ne, su kuma suna foldar DCIM da ke cikin foldar aikin a waya, saboda haka dukkan foldar ake dawo da ita, kuma QFieldSync, ƙarin manhajar da ake sa wa QGIS, don haka aka yi ta. A sababbin wayoyin Android foldar aikin tana cikin keɓaɓɓen wurin manhajar ne, kuma goge manhajar yakan tafi da ita. Kada a kai wayar wurin mai gyara a kasuwa sai an kwashe aikin.

Idan bayanan naku sun haɗa da sunayen masu gidaje da lambobin wayarsu, to ku san wanda kuke ba mahaɗin foldar, ku kuma guji barin kwafi a kwamfutar shagon buga takardu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tattara su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mun gaji wani tsohon aiki daga kwamfutar wanda ya riƙe ofishinmu kafin a yi masa canjin wuri. Mun kwashe komai, shimfiɗun duk sun buɗe, amma layin burtali ya goce ya shiga cikin gonakin mutane idan aka ɗora shi a kan hoton tauraron ɗan Adam, wata shimfiɗar kuma ba ma ganinta sam. Muna tsoron kada a kai wannan taswira gaban dagaci ta jawo rigima. Daga ma'aikacin filaye, Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Tare da naka, Malam, kuma tsoronku yana kan hanya. Kwafa ba ta motsa ko ɗigo guda daga inda yake. Abin da kan ɓace a hanya shi ne bayanin tsarin awon, wato fayil mai .prj, ko kuma zaɓin da tsohon ma'aikacin ya yi da hannu a cikin aikinsa. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan tushen awo na Minna aka yi su, wanda ya dogara da siffar duniya ta Clarke 1880, alhali GPS na waya da hotunan da ake gani a intanet a kan tushen awo na WGS 84 suke. Kano da Jigawa duka suna cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM mai raba duniya shiyya-shiyya yana awo da mita, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, amma shiyyar tana da lamba biyu a manhaja: EPSG:32632 ta WGS 84 ce, EPSG:26332 kuma ta Minna. Lambobin wurin suna kama da juna ƙwarai, ido ba ya bambance su, amma idan aka karanta na Minna a matsayin na WGS 84, layi yakan goce da gomman mitoci, har yakan haura mita 100. A faɗin burtali, wannan ya isa ya mai da manomi mai cin iyaka a takarda.

Ku buɗe bayanan shimfiɗar ku dubi lambobin iyakarta. Idan kun ga ƙananan lambobi kamar 9 da 12, digiri ne, kuma galibi EPSG:4326 ke nan, wato WGS 84 a digiri. Idan kun ga ɗaya mai lamba shida, ɗaya mai lamba bakwai da ta fara da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ko kusa da haka, mitoci ne na UTM. Shimfiɗar da ba ku gani mai yiwuwa digiri ne aka karanta a matsayin mita, wanda hakan kan jefa ta can cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, a matse wuri guda. Ku umarci manhajar ta kai ku inda take, za ku gani. Maganin shi ne a faɗa wa manhajar ainihin tsarin da aka yi shimfiɗar da shi, wanda ba ya canza lambobin. Juya shimfiɗa zuwa wani tsarin aiki ne daban, yana sake lissafa lambobin, kuma ba a yin sa sai an tabbatar da na asalin, in ba haka ba kuskuren zai shige cikin sabon fayil ya zauna. Kada kuma wani ya ja layin da maus don ya dace da hoto.

Don tantance ko Minna ce ko WGS 84, ku nemi abin da ba ya motsi kuma yana cikin tsohon aikin, kamar gada, mahaɗar titi ko turken safiyo na siminti, ku gwada lambobin EPSG ɗin nan biyu ku ga wacce ta ɗora shi a mazauninsa, a wurare uku ko huɗu masu nisa da juna. Idan gocewar iri ɗaya ce a ko'ina, gefe guda kuma tazara guda, to tsarin awo ne. Idan ta bambanta daga wuri zuwa wuri, to ko dai tsohon zanen ne bai yi daidai ba, ko kuma da gaske gonakin sun ci burtalin, wannan kuwa sai safiyo mai lasisi ya fita fili tare da dagaci, masu unguwanni da wakilan manoma da makiyaya. Ku tuntuɓi tsohon ma'aikacin tun yana iya tunawa, ku tambaye shi daga wace takarda ya zana layin kuma a wace shekara, sannan ku rubuta amsarsa da lambar tsarin awon kowace shimfiɗa a ɗan fayil na rubutu, ku ajiye shi a bakin foldar aikin kafin taswirar ta fita daga ofis.